Yadda ake ɗaura faifai a Linux, da zaɓin da ya dace ka ba shi

Duk mai shagon buga takardu a Garwa ko Marwa da ya sa Linux a kwamfutarsa, abin da zai fara ɗaure masa kai shi ne babu C: babu D:. A Windows kowane faifai da harafinsa. A Linux kuwa komai daga tushe ɗaya yake fitowa, wato /, kuma duk faifan da ka kawo sai an ɗaura shi a jikin wata folda kafin a ga abin da ke ciki. Wannan shi ne aikin umarnin mount. Nau'o'in Linux irin su Ubuntu da Mint suna yi maka shi da kansu, amma da zaɓinsu, ba naka ba. Wanda kilen USB na mutane ke ratsa hannunsa daga safe zuwa magariba, ya kamata ya iya ɗaurawa da hannu.

Ka fara da sanin sunan abin da ka jona. Buɗe taminal ka rubuta:

lsblk -f

Za ka ga sda, sdb da sauransu, da ɓangarorinsu kamar sdb1, da irin tsarin kowanne: vfat (sunan da FAT32 ke fitowa da shi), exfat, ntfs ko ext4. Ka natsu a nan, domin kilen da yake sdb yau yana iya zama sdc gobe, gwargwadon wanda aka fara jonawa. Idan na'urar ta riga ta ɗaura shi, ka kwance da sudo umount /dev/sdb1 (sudo yana ba ka ikon root, wato babban mai iko a na'urar). Sannan ka yi masa wuri:

sudo mkdir -p /mnt/kile

Yanzu ga inda na fi so a tsaya. Ɗalibi ya kawo kundin kammala karatunsa a buga masa, wataƙila kuma ba shi da wani kwafi a duniya sai wannan. Amana ce ya ba ka. Ɗaura shi haka:

sudo mount -o ro,noexec,nosuid,nodev /dev/sdb1 /mnt/kile

ro na nufin karatu kawai. Ko yaron shago ya danna gogewa bisa kuskure, babu abin da zai goge, ko an ɗauke wuta ana cikin aiki, ba a rubuta komai a kilen ba balle ya lalace. Lokacin rani, in ruwan madatsar Lagdo ya ja baya wuta ta koma zuwa da tafiya, waɗannan haruffa biyu sun fi ƙarfin a raina su. noexec yana hana a tayar da manhaja kai tsaye daga kilen, nosuid yana hana wani fayil ya ari ikon mai gida, wato root, nodev kuma yana hana fayil ya yi shigar na'ura. Sai dai kada ka ɗauki noexec a matsayin maganin komai: in ka miƙa wa sh, manhajar da ke aiwatar da umarni, fayil da hannunka, zai karanta ya aiwatar.

In rubutu za ka yi a ciki, sai ka kwance ka sake ɗaurawa. FAT32 da exFAT ba su san mai fayil ba, shi ya sa in ka ɗaura da sudo kawai komai ya zama na root, kai kuma a hana ka ajiya. Ka faɗa masa na wane ne:

sudo mount -o uid=1000,gid=1000,umask=022,noexec /dev/sdb1 /mnt/kile

Lamba 1000 ita ce ta mutum na farko da aka buɗe wa asusu a Debian, Ubuntu da Mint. Umarnin id zai nuna maka taka. Kuma ka tuna FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4, don haka bidiyon biki mai tsawo exFAT yake buƙata, wanda ya shiga cikin Linux tun fitowa ta 5.4 a 2019.

Faifan NTFS da ya fito daga Windows wani lokaci yakan ƙi rubutu. Sau da yawa dalilin shi ne tun Windows 8 kashewar da ake yi ba cikakkiya ba ce, barci ne, sai faifan ya zo da alamar ana kan aiki da shi. Kada ka tilasta. A mayar da shi Windows, a riƙe Shift a kashe, sannan a dawo.

Kafin ka zare, ka kwance: sudo umount /mnt/kile. Linux yana tara rubutu a ƙwaƙwalwa kafin ya sauke, don haka ganin kwafi ya ƙare a allo ba hujja ba ce. In ya ce maka wurin na kan aiki, ka fita daga foldar, ko ka rubuta fuser -vm /mnt/kile ka ga wa ke riƙe da ita.

Faifanka na ajiyar shago kuwa, wanda kake so ya hau duk lokacin da aka kunna, wurinsa /etc/fstab. Ka fara ajiye kwafi da sudo cp /etc/fstab /etc/fstab.tsoho, ka ɗauko UUID ɗin faifan, wato lambar shaidarsa, da sudo blkid, domin shi ba ya canzawa kamar sdb. Ka yi foldar /srv/ajiya, ka ƙara layi ɗaya:

UUID=lambar-da-ka-kwafo /srv/ajiya ext4 defaults,noatime,nofail 0 2

noatime yana rage rubutun banza da akan yi idan aka buɗe fayil. nofail kuwa, ina roƙonka kada ka manta da shi. In babu shi kuma faifan bai jonu ba, na'urar za ta jira daƙiƙa 90 sannan ta faɗa yanayin gaggawa, baƙin allo, ga masu jira a ƙofa. Lambar 2 ta ƙarshe tana sa a duba lafiyar faifan bayan an duba na tushe. Ga NTFS ka sa 0.

Kada ka sake kunnawa tukuna. Rubuta sudo findmnt --verify, sai sudo systemctl daemon-reload, sai sudo mount -a. In babu ƙorafi, findmnt /srv/ajiya zai nuna maka faifan da zaɓin da ya hau da su. In akwai, ka gyara layin nan take tun na'urar tana kunne.