Kurakuran da aka fi yi idan regileta ta riƙa ɗauke wuta

Kusan duk wanda ya kawo mini allon lantarki da ke ɗauke wuta da kansa, kalma ɗaya ce a bakinsa: regileta, wato ɗan abin da ke daidaita ƙarfin wutar da allon ke sha, ta lalace. Ya riga ya cire ta, ya dalma sabuwa, wani ma har sau uku, amma matsalar tana nan inda take. A mafi yawan lokuta regileta lafiyarta ƙalau, domin kamfanin da ya ƙera ta ne ya sa mata dabarar kare kanta daga zafi da kuma jan wuta fiye da kima, kuma idan ta kashe kanta to umarnin da aka gina ta a kansa take bi. Aikin mai gyara shi ne ya gano abin da ya tilasta mata.

Zan fara da kuskuren da ya fi cin kuɗina. Na taɓa haɗa wa wani mutum na'urar da ke lura da ruwan tanki, wadda ke aiki da batirin sola mai 12 V, na sa regileta LM7805, mai fitar da 5 V, ba tare da ƙarfen shanye zafi ba. A kan teburina ta yi kwana uku ba ta yi ko gezau ba. Da aka ɗaura ta cikin akwatin ƙarfe kusa da tanki a watan Afrilu, sai ta riƙa mutuwa daga azahar zuwa la'asar, ta farfaɗo da yamma kamar ba abin da ya faru. Sau huɗu na yi tafiyar, kuma kowane zuwa da safe nake yi, lokacin da komai ke aiki daidai, har mutumin ya fara kallona a matsayin wanda bai san aikinsa ba, ni kuma ina zarginsa da taɓa wayoyi. Laifin nawa ne, kuma lissafin da zai cece ni bai wuce layi biyu ba. Batirin da ake kira mai 12 V yakan kai 14.4 V idan rana tana caja shi, saboda haka regileta tana zubar da 9.4 V, idan allon yana jan 200 mA, kusan wat 1.9 ke nan ke komawa zafi a jikinta. Jikin TO-220, wato irin jikin LM7805, idan ba a ɗaura masa ƙarfe ba yana ƙara zafi da maki 50 zuwa 65 na Selsiyas a kan kowane wat guda, wato ƙarin maki 95 zuwa 120 a kan zafin da ke cikin akwatin, ita kuwa tana kashe kanta a wajen maki 150. Duk wanda ya san yadda akwatin ƙarfe ke zama a ranar bazara ya san an wuce wurin. Lokacin da batir ya fi cika shi ne kuma lokacin da rana ta fi zafi, shi ya sa mutuwar ke da sa'arta.

Alamar wannan ciwo ita ce wuta ta ɗauke ta dawo, ta sake ɗaukewa bayan ɗan lokaci, saboda regileta tana hucewa ta tashi, ta sake yin zafi. Tun daga wannan aikin na daina sa regileta irin wannan kai tsaye a kan 12 V idan abin da za a ja ya haura 50 mA. LM2596 ko MP1584, masu sauke wuta ba tare da mayar da rarar zafi sosai ba, nake sawa ya sauke wutar tukuna. Wasu za su ce babban ƙarfe ya wadatar, kuma ba ƙarya suka yi ba, sai dai ni ban ga dalilin ƙona fiye da rabin wutar batir a banza ba.

Na biyu shi ne ɗora regileta AMS1117-3.3, mai fitar da 3.3 V, a kan batirin litiyam 18650 guda ɗaya, kuma a nan haƙurina ya ƙare, domin takardar bayanin kamfanin a buɗe take ga kowa. Wannan regileta tana buƙatar wutar shiga ta ɗara ta fita da 1.1 V zuwa 1.3 V, wato kimanin 4.5 V, alhali batirin ko ya cika taf bai wuce 4.2 V ba. Tun ranar farko ba ta riƙe 3.3 V, bin batir kawai take yi yana sauka tana sauka, sai ESP32, maikrokontrolar da ke sarrafa allon, ya kunna Wi-Fi ya fizgi wuta, ya faɗi, ya rubuto "Brownout detector was triggered", wato wutarsa ta yi ƙasa, sannan a ce regileta ce ta mutu. Ƙari a kan haka, ita kanta tana shan kusan 5 mA ko da ba a jan komai, wanda ya kama 120 mAh a rana, saboda haka batir mai 2000 mAh zai ƙare cikin kwana 17 ko da ESP32 yana barci yana shan 10 µA kacal. Ina amfanin wahalar rubuta shirin da ke sa ESP32 barci, idan an bar rami a gindin tulu? Ga allon da ke da Wi-Fi ina amfani da AP2112K-3.3 mai iya ba da 600 mA, ga ƙananan na'urori kuma MCP1700, wadda ke shan 1.6 µA, amma a kula, 250 mA ce iyakarta kuma ba ta ɗaukar fiye da 6 V.

Akwai kuma kishiyar matsalar, inda aka umarci regileta ta mutu ta ƙafar EN, wadda ake kunna ta da kashe ta da ita, amma mita ta ci gaba da nuna 2.6 V ko makamancin haka a wajen fita. Wannan ya cinye mini mako guda a kan wani allon GPS da ya ƙi komawa farko bayan an kashe shi. Regileta ta mutu da gaske, wutar ta bayan gida take shigowa: ƙafar TX ta maikrokontrola, wadda ke aika bayanai zuwa GPS ɗin, tana tsaye a 3.3 V, wutar tana bi ta diyod ɗin kariya da ke cikin GPS ɗin ta hau layinsa, ta riƙe shi tsakanin rai da mutuwa yana shan batir. Al'adata yanzu ita ce, kafin in sauke EN, sai na mayar da duk ƙafafun da ke zuwa wancan ɓangaren ƙasa ko na sake su gaba ɗaya, rizistocin layin sadarwa na I2C kuma ina ɗaura su a layin da ake kashewa, sannan na sa rizista mai 100 kΩ daga wajen fita zuwa GND, wato layin 0 V, domin kafasita ta zubar da abin da ta riƙe. Ita kanta EN kada a bar ta tana lilo ba a haɗa ta da komai ba, domin hannu ma idan ya kusance ta yana iya kashe allon.

Sauran ba su da tsawo. SIM800L, ɗan allon da ke aiki da layin waya, yana fizgar har 2 A na ɗan ƙiftawar ido a duk lokacin da yake aika saƙo, mita ba ta iya ganin wannan, osiloskof, na'urar da ke zana hawa da saukar wuta, ne ke nuna shi, kuma kafasita mai 1000 µF dab da ƙafarsa tare da gajerun wayoyi masu kauri sukan magance shi. Regileta LM317 tana son a ja aƙalla 5 zuwa 10 mA, in ba haka ba wutar fitarta sai ta hau. Kafasitar fita a bi abin da takarda ta ce, tantalum mai 22 µF ga AMS1117, kuma a manna ta kusa da ƙafa.

Fawa banki ma yana ruɗar mutane. Da yawa daga cikinsu suna da ɗan guntun sarrafa caji mai suna IP5306 a ciki, wanda ke kashe wutar fita bayan kusan rabin minti idan abin da ake ja bai kai kimanin 45 mA ba, domin yana ɗauka an cire waya daga caji. Idan allonka yana mutuwa a daidai lokaci ɗaya kowane kunnawa, ka duba agogo ka ƙirga daƙiƙun, sannan ka gwada shi da cajar bango kafin ka kunna ƙarfen dalma.