Tsatso ya cika gida? Ga yadda ake feshinsa

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun shigowar damina a nan Garwa kowa ke kukan tsatso, ƙwaron nan mai almakashi a wutsiya. Ba shi da dafi, zancen yana shiga kunne ya ci ƙwaƙwalwa kuma camfi ne. Amma ganinsa cikin tabarmar yara ba daɗi.

Laima da duhu yake bi. Kafin ku sayi magani, ku ɗaga randa, ku janye itacen girki daga jikin bango, ku share ruɓaɓɓen ganye, ku toshe tsagar ƙofa. In ba haka ba, sefarku ce kawai za ta tafi.

Ku nemi maganin feshi na cikin gida, irin mai sinadarin sifametirin ko fametirin, ku bi abin da ke rubuce a jikin gwangwanin. Da magariba za a fesa, don da dare yake fitowa. Ba a cikin iska za a fesa ba, sai a gindin bango ciki da waje, bakin ƙofa, bayan gida, ƙarƙashin fitilar waje. A rufe abinci da ruwan sha, a fitar da yara, kaji da kyanwa, a ɗaure hanci, sai ya bushe an buɗe taga a dawo.

Don Allah kada a kawo maganin auduga cikin ɗaki, na gona ne, ƙarfinsa ya yi yawa.

Tsatson gonar masara kuwa ku ƙyale shi, ƙwan tsutsa yake ci.