Babi na Shida: Jinyar Mai Ciwon Lalacewar Jijiyoyin Motsi

Darasi na 1: Wane ciwo ne?

Likitoci suna kiransa ALS. Haruffa uku ne, ku rubuta su a bangon littafinku, domin za ku gan su a takardar asibiti. Jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka ne suke mutuwa a hankali. Yau kofi ya suɓuce daga hannu, gobe ƙafa tana jan ƙasa, daga baya magana da haɗiya su yi nauyi. Ba a ɗaukarsa, ko da kun sha ruwa a kofi ɗaya. Har yau babu maganin warkewa. Akwai ƙwayar riluzole da aka amince da ita a Amurka a 1995, amma 'yan watanni kawai take ƙarawa. Yawanci shekara 2 zuwa 5 ake yi da ciwon bayan an gano shi, ko da yake Stephen Hawking, masanin kimiyyar nan na Ingila, an gano nasa a 1963, bai rasu ba sai 2018.

Kunnen mara lafiya yana ji, galibi kuma hankalinsa yana nan. Kada ku tsaya a kansa kuna maganarsa kamar ba ya wurin.

Darasi na 2: Ciyarwa

Nan kowa yake tuntuɓe, don haka nan za mu daɗe.

Ku zaunar da shi tukuna. Zama sosai nake nufi, baya a miƙe, matashi a bayansa. Jingina ba zama ba ce. Ɗaga kai kaɗan daga shimfiɗa shi ma ba zama ba ne. Idan ya zauna, ya ɗan sunkuyar da haɓarsa wajen ƙirji. Ku ɗauki ƙaramin cokali, ku ɗebo rabi, abinci mai laushi. Ku ba shi, sai ku jira. Ku dubi maƙogwaronsa: ya hau, ya sauko? To, ya haɗiye. Yanzu ne za ku ɗebo na biyu.

Mu sake. Zaunar da shi. Haɓa ƙasa. Rabin cokali. Jira.

Wanda ya manta a karon farko kada ya ji kunya, da koyo akan iya. Amma ku san dalili: a maƙogwaro hanya biyu ce, ta ciki da ta huhu. Idan tsokar haɗiya ta raunana, abinci yakan ɓace hanya ya faɗa huhu, ya jawo ciwon huhu mai tsanani. Ruwa tsararo ya fi saurin ƙware shi a kan mai ɗan kauri. Wannan yakan ba ɗalibai mamaki.

Wata ɗalibata ta ce mini, “Malam, ai Baba ya gaji, tausayinsa na ji, shi ya sa na ba shi ruwa a kwance.” Haba! Sau nawa zan faɗa? Wannan tausayin shi ne ya sa Baba ya kwana yana tari. Ko ya gaji, a zaunar da shi. Ko maƙurwa ɗaya ce, ko ƙwayar magani ce da tsakar dare, a zaunar da shi. Bayan ya gama kuma kada ku yi saurin kwantar da shi, ya ƙara minti 30 a zaune. Idan muryarsa ta koma kamar akwai ruwa a ciki, ko tari ya sarƙe shi, ku ajiye cokali, ku sanar da likita.

Aiki: rubuta “Zan zaunar da shi kafin in ba shi” sau biyar.

Darasi na 3: Juya shi

Wanda ba ya iya juyawa da kansa, a juya shi duk bayan awa 2. Ku duba dunduniya, ƙugu da kafaɗa. Inda ya yi ja ko ya sauya launi, gyambo ne ke tafe.

Darasi na 4: Zama bakinsa a asibiti

Ku riƙe littafi. Ku rubuta kwanan wata da abin da ya canja: ya ƙware sau nawa, ya rame, numfashi yana yi masa wuya in ya kwanta. Ku bar shi ya fara magana, ko da ƙifta ido ne: ɗaya “e”, biyu “a'a”. Abin da ba ku gane ba ku ce, “Likita, a maimaita mana.”

Darasi na 5: Mai jinya

Ku raba kwanaki tsakaninku, kowa ya samu barci. Wanda ya karɓe ku, ku nuna masa Darasi na 2.