Yadda Za Ka Fara Cin Kuɗin Talla a YouTube

Da farko duba ko ka cika sharaɗi: mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. In ka cika, shiga YouTube Studio, wato shafin da mai tasha ke sarrafa tasharsa, ka miƙa buƙata.

Sai ka buɗe asusun AdSense, wato tsarin Google da ake biyan kuɗin talla ta cikinsa. Nan 'yan'uwanmu na Agege da Idi-Araba a Legas kan yi tuntuɓe. Rubuta sunanka yadda yake a katin shaida, ban da laƙabi. Adireshi kuma, zaɓi inda wasiƙa ke isa, domin kuɗinka na kaiwa dala 10 Google zai aiko lambar sirri ta gidan waya. Gidan haya mai ɗakuna barkatai bai dace ba. Gara shagon maigidanka.

Shigar da lambar, haɗa asusun banki. Ba a biya sai ka tara dala 100.