Yadda ake buɗe wayar da aka kulle da layin AT&T na Amurka

Masu tambaya sun yi yawa, ga matakan:

1. Saka layin MTN ko Airtel a wayar. In ta nemi lambar buɗewa, a kulle take. A iPhone kuwa shiga Settings, General, About, ka duba Carrier Lock, wurin da ke nuna ko a kulle take.
2. Danna *#06#, ka rubuta IMEI, wato lambar shaidar wayar, mai lamba 15.
3. Tambayi wanda ya aiko wayar ko ya gama biyan kuɗinta. In da sauran bashi, ko an kai rahoton sata, AT&T ba za ta buɗe ba, kada ka wahalar da kanka.
4. Shiga shafin buɗe waya na AT&T, ka cike IMEI da imel ɗinka. Kyauta ne.
5. Buɗe imel ɗin da suka turo, ka tabbatar da buƙatar nan take, kafin ta lalace.
6. Bayan sun amince, in Samsung ce, shigar da lambar buɗewa da suka aiko.

Hattara: kada ka yi ta cankar lamba. In ka yi ta maimaita kuskure wayar za ta toshe, sai an nemi wata lambar daban.

7. iPhone ba ta son lamba. Bayan sun amince, haɗa ta da Wi-Fi, layin MTN ko Airtel yana ciki, ka kashe ka kunna.