Yadda za ka fahimci tarihin Daytona 500 daga zagayen ƙarshe

Idan kana son sanin tarihin tseren motoci na Daytona 500 a Amurka, kada ka fara da haddace sunayen waɗanda suka ci. Ni da jerin na fara, kuma bayan mako guda babu abin da ya zauna mini. Sai da na koma kallon tsofaffin hotunan bidiyo, musamman zagaye biyu ko uku na ƙarshe, sannan sunayen suka samu fuska a raina.

Kafin ka kunna komai, ka san filin. Yana garin Daytona Beach a jihar Filorida, tsawonsa mil 2.5, ana zagaya shi sau 200, shi ne mil 500, wajen kilomita 805. Kwanoninsa a karkace suke da digiri 31, shi ya sa direba ke shiga kwana ba tare da ya ɗaga ƙafa daga totur ba. Kafin Bill France, wanda ya kafa NASCAR, hukumar da ke shirya wannan tsere, a 1948, ya gina wannan fili, a kan yashin bakin teku da wani sashe na kwalta ake tseren, da motoci irin waɗanda kowa ke saye a kasuwa.

Fara da na farko, 22 ga Fabrairu 1959. Lee Petty da Johnny Beauchamp suka tsallake layi kafaɗa da kafaɗa, aka ce Beauchamp ne ya ci, har aka yi masa murna. Sai bayan kwana uku, da aka tattara hotunan masu ɗaukar hoto aka duba, aka mayar wa Petty nasararsa. Ka nemo hoton, ka tsayar da idonka a kan hancin motocin. Za ka ga motoci uku ne a jere, ta ukun ta Joe Weatherly ce, wanda aka riga aka bari a baya da zagaye, kuma ita ta ƙara rikita masu hukunci.

Daga nan sai ka koyi iska, don in ba ka gane ta ba za ka yi ta ganin motoci suna bin juna kamar jerin gwano ba ka san dalili ba. Junior Johnson, wanda ya koyi tuƙi wajen safarar barasar da ake dafawa a ɓoye, ya zo tseren 1960 da Chevrolet da ba ta kai motocin Pontiac gudu ba. Ya lura cewa idan ya manne a bayan mota mai gudu, ta gaba ce ke tsaga iska, tasa kuma sai ta bi a sauƙaƙe. Da wannan dabara ya ci. Saboda haka duk lokacin da kake kallon zagayen ƙarshe, ka bar na gaba, ka sa ido a kan na biyu. Ka lura da lokacin da zai fizgo daga baya ya zagaye, da kuma wanda ya zaɓa ya tura shi.

Yanzu ka shirya wa 1976, wanda ni a wurina babu kamarsa. Richard Petty, ɗan Lee, mai lamba 43, wanda ya ci wannan tsere sau bakwai, suna gwabzawa da David Pearson. Suna fitowa daga kwana ta huɗu motocin suka gogi juna, duka biyun suka daki bango suka juya. Motar Petty ta mutu a kan ciyawa, layi na gabansa kaɗan. Pearson kuwa, yayin da motarsa ke juyawa, ya danne kuloci don kada injin ya mutu, ya ja ta a hankali, gabanta a murƙushe, ya tsallake layi. Ka maimaita wannan wurin sau biyu. A karo na biyu ka kalli ma'aikatan Petty suna rugowa don su tura motar.

Na 1979 ka kalle shi gaba ɗaya idan ka samu lokaci, don shi ne karon farko da aka nuna tseren kai tsaye daga farko har ƙarshe a tashar CBS, a ranar da dusar ƙanƙara ta tsare jama'ar gabashin Amurka a gida. Cale Yarborough da Donnie Allison suka yi karo a zagayen ƙarshe, Petty ya wuce ya ci, su kuma suka kaure da dambe a gefen hanya har da Bobby Allison, yayan Donnie. A nan za ka fara gane cewa tarihin nan na dangi ne: gidan Petty, gidan Allison, gidan Earnhardt. A 1988 Bobby ya ci, ɗansa Davey ya zo na biyu. Wannan shekarar ce kuma aka wajabta sa farantin ƙarfe mai rage iskar da ke shiga inji, bayan Bill Elliott ya haura mil 210 a sa'a a gwajin share fagen tseren 1987, kuma motar Bobby ta tashi sama ta faɗa shingen 'yan kallo a wani filin tsere, Talladega. Daga nan motoci suka koma tafiya a dunƙule.

Dale Earnhardt ka bar shi a ƙarshe, kuma ka bi shi a jere. A 1990 yana gaba a zagayen ƙarshe tayarsa ta fashe, Derrike Cope ya wuce. Sai a 1998, a gwajinsa na ashirin, ya ci, ma'aikatan kusan dukkan ƙungiyoyi suka yi layi suna miƙa masa hannu yana wucewa a hankali da baƙar motarsa mai lamba 3. Ranar 18 ga Fabrairu 2001 motoci biyu na kamfaninsa suna gaba, ta Michael Waltrip da ta Dale Jr., ɗan Earnhardt, shi yana biye da su. A kwana ta huɗu ta zagayen ƙarshe ya daki bango, kuma a ido haɗarin bai yi kama da mai kisa ba. Ya rasu a ranar. Bayansa aka wajabta na'urar da ke riƙe kai da wuyan direba, aka kuma sa bangaye masu shanye ƙarfin duka. Ni sau ɗaya na kalli wannan zagayen, ban sake ba.