Yadda za ka fitar da jerin bayanai mai ƙaruwa da raguwa ta sabar OPC UA

A ce kana da sikeli a masana'antar shinkafa yana auna buhuna, yau shift ɗin safe ya cika buhu 300 gobe 520, kuma kana so manhajar SCADA, wato mai sa ido kan injinan masana'anta, ta karanta nauyin kowanne ta sabar OPC UA, tsarin da na'urorin masana'antu ke musayar bayanai da shi. Matsalar ita ce ba ka san tsawon jerin ba tun farko, kuma nan ne mutane da yawa ke maƙalewa, sai su ware gurbi dubu su cika ragowar da sifili. Kar ka yi haka, ƙa'idar IEC 62541, wato ƙa'idar OPC UA ɗin kanta, ta riga ta tanadi hanya.

Abu biyu ne ke riƙe da maganar, ValueRank da ArrayDimensions, siffofi ne na node, wato gurbin da bayanin ke zaune a cikin saba. ValueRank ka sa shi 1, wato jeri mai layi ɗaya (-1 ƙima ɗaya tak kenan). Shi kuma ArrayDimensions ka ba shi gurbi guda ɗaya ka sa 0 a ciki, sifilin nan ba yana nufin babu komai ba ne, yana nufin ba a ƙayyade tsawon ba. In kana aiki da open62541, laburaren rubuta sabar OPC UA da yaren C, to attr.valueRank = UA_VALUERANK_ONE_DIMENSION, arrayDimensionsSize ya zama 1, sannan kar ka manta da dataType, misali Double tunda nauyi ne. In ka sa 10 a maimakon 0 ka zo rubuta abu 11, saba za ta ƙi karɓa, yawanci BadTypeMismatch za ka gani ka yi ta neman laifi a inda babu.

Wajen sabunta bayanan akwai hanya biyu. Ko dai duk sanda buhu ya ƙaru ka haɗa sabon jeri da UA_Variant_setArrayCopy ka tura da UA_Server_writeValue, ko kuma ka yi amfani da UA_Server_addDataSourceVariableNode, inda saba ke kiran aikinka na karantawa duk lokacin da wani ya nema. Ni na fi son ta biyun in bayanan suna zaune a wani wuri daban kamar PLC, wato na'urar da ke sarrafa injin, sai dai fa in wani zare (thread, wani ɓangaren shirin da ke gudana daban) ne ke canza jerin a lokaci guda dole ka sa makulli (mutex) mai hana biyu taɓa jerin tare, in ba haka ba wata rana za a karanta rabin tsoho rabin sabo, ko ma shirin ya faɗi gaba ɗaya.

Farkon shift jerin babu komai a ciki ko? To ka mayar da jeri mai tsawo 0, kar ka bar ƙimar fanko ba nau'i, wasu manhajojin sai su ɗauka matsala ce.

Sai ka lura da masu karanta wani yanki kawai da IndexRange, kamar "2:5". In jerin ya ragu har farkon yankin ya wuce ƙarshen jerin, BadIndexRangeNoData zai dawo, don haka mai karantawa ya shirya ma wannan. Kuma in an yi rajistar sa ido a kan jerin, buhu ɗaya ya ƙaru duka jerin ake sake turowa, abu 500 ba komai ba ne amma dubu ɗari zai shaƙe layi, ka duba MaxArrayLength a ƙarƙashin ServerCapabilities.

In kowane abu yana buƙatar nasa suna da nasa ƙararrawa, kamar injina da ake ƙarawa ana cirewa, jeri bai dace ba, gara kowanne ya samu nasa node cikin folda, saba ta riƙa sanar da canji ta ModelChangeEvent. Ka gwada da UaExpert, manhajar leƙa cikin sabar OPC UA, a tashar 4840 da saba ke sauraro a kai, ka ƙara buhu ka rage kana kallon tsawon yana canzawa kafin ka haɗa da SCADA ɗin.